Tamfol Ko Leda? Abin Dubawa Kafin A Rufe Bayan A-kori-kura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Binuwai da la'asar cikin watan Agusta, ya ga hadari ya haɗo daga gabas, ya san irin gaggawar da kan kama direbobin a-kori-kura. Sai ka ga mota ta ci birki a gefen hanya, yaron mota ya dira, ana ta kiciniyar warware wani abin rufi da aka cusa a ƙarƙashin buhuna tun da safe. Wani ya gama ɗauri kafin ruwa ya sauko. Wani kuwa sai ruwa ya same shi yana neman igiya.

Mu ma abin ya taɓa faruwa da mu, shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani. A ƙarshen wata damina mun sayi masara buhu takwas a kasuwar Ngong domin abincin gida. Muka yi jinga da wani mai a-kori-kura ya kawo mu Garwa, tafiyar da ba ta wuce kilomita 50 ba. Da muka tambaye shi ko yana da abin rufi, sai ya nuna mana wata shuɗiyar leda, ya ce sabuwa ce. Ba mu ci rabin hanya ba iska ta taso, ledar ta yi ta kaɗawa har ta yage daga inda aka ɗaure ta, ruwa kuwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kwana uku muka yi muna shanya masara a tsakar gida, duk da haka buhu biyu suka yi funfuna, ko kaji ba mu yarda mun ba su ba. Direban ya ce ikon Allah ne, mu kuma muka ce sakaci ne. Sai da dattawan tasha suka shiga tsakani sa'an nan aka rabu, kowa ransa a ɓace.

Tun daga ranar muka shiga tambayar direbobi da masu ɗinkin tamfol da masu walda a kan wannan al'amari. Abin da muka tattaro shi ne muke kawo wa masu karatu. Kan maganar dai guda ne: kayan da mota ke ɗauka, da lokacin da take ɗaukarsu, su ne ke zaɓa mata rufi, ba kyan gani ko sauƙin kuɗi ba.

Motar Da Ta Ci Sunan Rufinta

Dattawa sun san Fijo 404 da ƙanwarta 504, waɗanda suka yi shekaru suna jigila tsakanin Garwa da ƙauyuka. Da yawa daga cikin 504 ɗin daga Kaduna suka ƙetaro, inda aka fara harhaɗa motocin Fijo a 1975. Da Faransanci ana kiran irin wannan mota bâchée, wato mai tamfol, kuma har yanzu a tasha za ka ji ana cewa "bashe". Ke nan masu ƙera ta ba su ɗauke ta a matsayin cikakkiyar mota ba sai da rufinta. Tana fitowa ne da ƙarafa masu lanƙwasa kamar baka, an shimfiɗa musu tamfol mai kauri daidai da tsawon bodi.

Yanzu Toyota Hilux da ire-irenta sun maye gurbin Fijo, kuma yawancinsu da bodi a buɗe suke zuwa. Mai mota ne zai nemi abin da zai rufe ta da shi. Bugu da ƙari, tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, mutane da yawa suka koma ga abin da ya fi araha. A nan ne leda ta samu shiga.

Ruwa, Rana Da Ƙura

Kafin mutum ya je kasuwa, ya kamata ya tuna da abubuwa uku da rufin zai yi fama da su a ƙasarmu.

Na farko ruwa. Garwa kan samu ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Ruwanmu kuwa ba ya zuwa da sallama. Iska mai ƙarfi ce ke riga shi isowa, ita ce kuma ke yaga rufi kafin ɗigon farko ya faɗo. Har ila yau, wanda ke bin babbar hanya zuwa Ngaundare ya san damina takan riga sauka a can, domin garin yana bisa tudu, sama da mita 1,000, ruwansa kuma ya fi namu yawa. Direba na iya barin Garwa cikin watan Afrilu ana ƙuna, ya tarad da ruwa a hawan dutsen da ke gaban Mbe. Da yake a Ngaundare jirgin ƙasa ke tsayawa tun 1974, yawancin kayan da ke zuwa mana daga Duwala ta wannan hanya suke biyowa.

Na biyu rana. Cikin Maris da Afrilu zafi a Garwa yakan kai digiri 40, wani lokaci ya haura. Ranar nan ba mutum kaɗai take gasawa ba. Akwai wani sashe na haskenta da ido ba ya gani, wanda ke cin roba a hankali har ta bushe ta riƙa marmashewa. Shi ya sa ledar da aka saya da kaka takan zama tsumma kafin damina ta zagayo.

Na uku ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu ga hazon hunturu, ga kuma jar ƙurar hanyoyin da ba kwalta. Mutane da yawa ba su san cewa idan mota na gudu, iska takan yi juyi a bayanta ta tsotso ƙura zuwa cikin bodi ba. Saboda haka rufin da ya toshe gaba da gefe amma ya bar baya a buɗe yakan tara ƙura fiye da yadda ake zato. Mai ɗaukar atamfa ko gari ko magani ya lura da wannan.

Irin Rufin Da Ake Samu

Shuɗiyar leda, wadda aka saƙa da zaren roba, ita ce ta fi kowanne araha da rashin nauyi. Tana da amfaninta: a rufe buhuna a tsakar gida, ko a shanya hatsi a kanta. Amma ba a yi ta domin gudun mota ba. Nauyinta sau da yawa bai wuce giram 100 zuwa 200 a kowane murabba'in mita ba, zobban da ke bakinta kuma da an ja su da ƙarfi sai su fita. Hausawa na cewa araha ba ta ado. Wanda ya sayi leda uku a shekara, ya kuma biya diyyar buhu biyu, ya kashe abin da ya fi kuɗin tamfol na ƙwarai.

Sai tamfol na zane, wato wanda aka saƙa da zaren auduga mai kauri aka shafa masa maganin hana ruwa. Irinsa ne ke kan tsofaffin Fijo. Kyansa shi ne yana numfashi. Idan ruwa ya taɓa shi zaren yakan kumbura ya toshe ƙofofin saƙar, idan ya bushe kuma iska ta riƙa ratsa shi, don haka kaya ba sa yin gumi a ƙarƙashinsa. Aibinsa shi ne nauyi idan ya jiƙe, kuma in aka naɗe shi da danshi sai ya yi funfuna ya ruɓe. Sa'an nan maganin da aka shafa masa yakan wanke da daɗewa, sai an sabunta.

Akwai kuma tamfol na roba mai kauri, irin na manyan motocin da ke zuwa Kuseri da Njamena. Zare ne mai ƙarfi a ciki, aka lulluɓe shi da roba ciki da waje. Mai kyau yakan kai giram 600 zuwa 900 a murabba'in mita. Ruwa ba ya ratsa shi ko kaɗan, yana jure rana, ana wanke shi da sabulu, in ya huje kuma ana liƙe shi. Amma da yake ruwa ba ya shiga, iska ma ba ta shiga. Duk abin da ke da rai ko ɗanye, in aka kulle shi a ciki, zai dafu. Masu ɗinki sukan sayi tsohon tamfol na babbar mota su yanka shi daidai da ƙaramar mota, kuma sau da yawa irin wannan kwancen ya fi sabuwar leda nesa ba kusa ba.

Na huɗu shi ne rufi mai tauri, na gorar ruwa ko na roba mai ƙarfi, wanda ake gani a motocin ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji. Wani kamar ɗaki yake, da taga da ƙofa, wani kuma shafaffen murfi ne da ake ɗagawa ko a naɗe. Yana da makulli, yana kuma hana ƙura in robar bakinsa na da kyau. Ya dace da mai ɗaukar kayan aiki masu tsada, ko magunguna, ko takardu. Amma ga ɗan kasuwar buhu ba shi da amfani, domin ya ƙayyade tsawon kaya, yana cin wani abu daga nauyin da motar za ta ɗauka, kuma in makullinsa ko ƙarfen naɗinsa ya lalace a Cholire ko Tuboro, samun kayan gyaransa sai an sha wuya. Ƙura ma takan cika hanyar da murfin naɗi ke bi har ya ƙi motsi.

Kaya Ke Zaɓen Rufi

A nan ne maganar take. Bari mu bi kayan da a-kori-kura ke ɗauka a yankinmu ɗaya bayan ɗaya.

Siminti da takin zamani ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. Wanda ya je Figil ko wani shago ya ɗauko siminti buhu 20, wato tan guda ke nan tun da kowane buhu kilo 50 ne, ya sani cewa in ruwa ya taɓa shi ya zama dutse, ba shanya ba gyara. Haka takin da manoman auduga ke karɓa ta hannun SODECOTON, kamfanin da aka kafa a 1974 mai hedkwata a nan Garwa, ga shi kuma daidai farkon damina ake jigilarsa. Farin taki musamman yakan tsotsi danshi ya dunƙule ko ya narke. Irin waɗannan kaya tamfol na roba mai kauri suke so. Kada kuma a manta da ƙasa: ruwan da ya gangaro cikin bodi yakan kwanta a ƙarƙashin buhuna, don haka a jera katako tukuna, a kuma tabbata ƙofofin da ruwa ke fita ba su toshe ba.

Masara da gyaɗa da dawa da wake sun fi wuyar sha'ani. In sun bushe sarai, tamfol na roba ya yi. Amma sabon hatsi na farkon kaka yana da sauran danshi, in aka kulle shi cikin roba a rana sai ya yi gumi, gumin ya taru a jikin rufin ya ɗigo kan buhunan sama. Direba ya rantse ruwa bai taɓa kayan ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma ga kaya a jiƙe. Abin tsoro a nan shi ne funfunar da ke kama gyaɗa da masara. Wani irinta yana haifar da guba da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta, tana kuma hana yara girma, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Saboda haka ga hatsi tamfol na zane ya fi, ko kuwa na roba da aka ɗora a kan ƙarafa yadda ba zai kwanta a jikin buhu ba, a kuma buɗe shi da zarar an tsaya. Muskuwari, da ake girbewa da rani, ba shi da wannan matsala sosai. Shi kam ƙura da zubewa a hanya ne abin kiyayewa.

Albasa da tumatir da mangwaro iska suke so fiye da komai. Masu kawo albasa daga wajen Marwa sun san in aka shaƙe ta kwana guda cikin zafi, sai a sauke ta tana ruwa tana wari. Abin da ya dace da su inuwa ce daga sama, gefe kuma a buɗe. Wasu sukan shimfiɗa zana ko ciyawa a kan buhuna kafin a ja tamfol, kuma dabara ce mai kyau.

Kifin Lagdo kashi biyu ne. Banda ba ta son danshi, kuma tana karyewa in tamfol mai nauyi ya danne kwalayenta. Ɗanye kuwa da ƙanƙara ake kawo shi, sai farin rufi mai mayar da zafin rana, wanda kuma ake iya wankewa kullum. Tamfol na zane in ya sha ƙarnin kifi ba ya sakinsa, gobe kuma ba mai yarda a rufe masa gari da shi.

Tumaki da awaki, musamman gab da Babbar Salla lokacin da motoci ke cika daga kasuwar Adumri ran Alhamis, ba a kulle su. A yi musu rumfa daga sama kawai. Dabbobi da yawa a wuri guda suna fid da zafi, in aka toshe gefe sai a isa da mushe.

Haka nan mutane. Kowa ya san ranar Lahadi, kasuwar Pitowa, yadda a-kori-kura ke cika da mata da yara da kayansu. Ba muna yabon wannan ba ne, domin bodi ba wurin zaman mutum ba ne, amma tun da ana yi, to a sani cewa hayaƙin salansa yakan biyo wannan iskar da muka ce tana juyi a bayan mota ya shiga cikin rumfa. A cikinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai da jiri da barci. In rumfar a rufe take ruf, yaro na iya yin barcin da ba zai farka ba. Lalle a bar taga a gaba da gefe, a kuma gyara salansar da ta huje.

In An Je Saye

Da farko a auna bodi da mita, tsawo da faɗi, domin mota mai ƙofa huɗu bodinta ya fi na mai ƙofa biyu gajarta. A ƙara tsawon da kaya kan kai, sa'an nan a bar rarar da za ta sauko ta rufe gefen bodi da kamar taƙi guda. Tamfol da ya tsaya a cikin bodi mazurari ne, ruwa yake tarawa kaya.

A ɗaga shi a duba ta rana. In haske na ratsowa ɗigo-ɗigo, ruwa ma zai ratso. A lanƙwasa kusurwarsa a matse. In ta yi fari ko ta tsage, robar ta mutu. A duba haɗin: a tamfol na roba, wanda aka liƙe da zafi ya fi wanda aka ɗinka, domin kowace ƙofar allura hanyar ruwa ce. In dole sai ɗinki, kada ya faɗo a tsakiyar sama inda ruwa ke kwanciya. A duba kalmasar baki, a ga ko an ninka ta an sa igiya a ciki. Zobban ɗauri su kasance kusa da juna, kamar rabin mita tsakaninsu, kowanne da ƙarin ƙyalle a bayansa. Fari ko mai hasken launi ya fi baƙi sanyi.

In za a yi ƙarafa, a gaya wa mai walda ya yi su da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangare, ya goge duk wani kaifi, ya shafa fenti saboda tsatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin hujin tamfol daga bakin ƙarfe yake farawa. Gara a ɗaure su da noti yadda za a iya kwancewa, maimakon a liƙe su da jikin mota. Kada kuma tsawonsu ya wuce kan motar da yawa. Doguwar rumfa tana kama iska, tana ƙara shan mai, tana kuma ruɗin direba ya yi lodi har sama. Irin waɗannan motoci kimanin tan guda aka yi su su ɗauka, kuma kaya masu tsawo su ne ke kifar da mota a kwana.

Wajen ɗauri, robar da aka yanko daga tsohon tub ta fi busasshiyar igiya, domin tana miƙewa tana dawowa, ba ta fizge zobe. A fara ɗaure gaba, a cusa bakin tamfol ta bayan kan mota yadda iska ba za ta shiga ƙarƙashinsa ba. Tamfol mai kaɗawa kansa yake ci, kuma in ya kwance ya tashi yana iya rufe fuskar mai babur da ke biye. Sa'an nan a yi ɗaurin da ke kwantuwa da sauri, domin a hanyar Gashiga ko ta Gidar, in jandarma ko kwastan suka ce a buɗe, ba a so a yi rabin sa'a ana fama da ƙulli.

Bayan aiki a shanya shi ya bushe kafin a naɗe, a ajiye shi a inuwa, nesa da ɓera da man inji da ruwan batir. Ƙaramin huji a liƙe shi ranar da aka gan shi.

Amana Ce

Mai mota ɗaya ba zai iya sayen rufi kala huɗu ba, mun san da haka. Shawarar da muka fi ji daga tsofaffin direbobi ita ce: ƙarafa masu kwantuwa, da tamfol na roba mai kauri wanda gefensa da bayansa ke naɗewa sama. Ranar siminti a sauke shi duka, ranar albasa ko awaki a naɗe gefe. Wanda kuwa hatsi ne yawancin aikinsa, ya nemi na zane.

Ga masu kaya kuma, kafin a yi jinga a ce wa direba, "Maigida, mu ga tamfol." A warware shi a gani da ido, kada a tsaya ga jin cewa sabo ne, kamar yadda muka yi a Ngong. A kuma yi magana tun a tasha, gaban shaidu, a kan wanda zai ɗauki hasara in kaya suka jiƙe. Buhun da ke bayan motar nan wataƙila shi ne noman shekara na wani magidanci, ko jarin wata gwauruwa da ke ciyar da marayu. Direban da ya karɓe shi ya karɓi amana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ya duba rufinsa tun cikin bazara, lokacin da masu ɗinki ba su da cunkoso, kada ya bari sai hadari ya haɗo. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya da kayansa.